DARASI: YADDA AKE SHIRYA GONAR SHANUN TATSA KAFIN A SAYAR DA ITA

 Darasinmu na wannan fitowa a kan gonar shanun tatsa ne, watau yadda mutum zai shirya ta in larura ta kama a sayar, da kuma abin da ya kamata mai saye ya bincika kafin ya zare kuɗinsa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, tun da gwamnatin Benin ta hana garkunan ƙetare shigowa kiwo a watan Disamba na 2019, ta kuma dage a kan makiyaya su zauna wuri guda, wasu daga cikin mutanenmu sun juya wani abu na jarinsu zuwa gona. Mutum ya sami fili a bayan gari, wajen Kalabi ko Alada ko can arewa kusa da Paraku, ya haƙa rijiya, ya zuba shanun tatsa, ya ɗauki makiyayi. To irin wannan gona, ko ba jima ko ba daɗe, takan zo kasuwa. Ko mai ita ya tsufa, ko ya rasu magada za su raba, ko abokan tarayya sun rabu, ko bashi ya matsa, ko kuwa gari ya cim mata maƙwabta sun fara ƙorafi.

Mu dai da cinikin san yanka muka saba. Ka dafa gadon baya, ka kama gindin wutsiya, ka dubi tozo, nan take ka san naman da ke jikinsa. Abin da ka gani shi ka saya. Gonar tatsa ba haka take ba. Mai saye yana biyan kuɗin nonon da ba a riga an tatsa ba ne, na gobe da na baɗi, wannan kuwa ido ba ya ganinsa. In ba ka da shaidar da za ka nuna masa, to farashin mahauta zai taya, kuma bai zalunce ka ba, don ba wanda ke son cinikin biri a sama. Saboda haka shirin sayarwa duka aikin tara shaida ne, kuma shekara guda cur yake so. Ba a fafe gora ranar tafiya.

NA FARKO: ABU UKU NE A CIKIN GONA

Akwai ƙasa da abin da aka gina a kanta, kamar rijiya da shinge da rumfa da ɗakin makiyayi. Akwai shanun. Sa'an nan akwai cinikin nonon, watau mutanen da suka saba karɓa kullum. Kowane ɗaya da dokarsa da irin mai sayensa. Ka yi wa kowanne kuɗi dabam a takarda, ko da mutum ɗaya ne zai kwashe duka. Wanda ya yi musu kuɗin goro shi ke faɗuwa, don mai son ƙasa zai ɗauki shanun a matsayin gyara, mai son shanu kuwa ba zai biya kuɗin rijiya ba.

NA BIYU: SHANUN NAN DUKA NAKA NE?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ita aka fi tsallakewa. Da wuya ka sami garke a ƙasar nan wanda mutum ɗaya ne ke da kowace saniya. Akwai ta makiyayi da ya zo da ita. Akwai sadakin matarsa. Akwai wadda aka yi wa yaro kyauta ranar suna, ta haihu, 'ya'yanta ma sun haihu. Akwai ta amana da wani ɗan'uwa ya kawo ya tafi Ikko. Akwai wadda aka ba da aro irin na Fulani, a riƙe ta sai ta haihu a mayar da uwar.

Ka zauna da makiyayi da dattijo guda a gindin turke, a bi su ɗaya bayan ɗaya, a rubuta suna da kama da tambari da mai ita. Wadda ba taka ba a fitar da ita tun mai saye bai zo ba. In gonar gado ce, kada a taɓa ko maraƙi sai an biya bashin mamaci, an zartar da wasiyya, an san rabon kowa, musamman mata da marayu. Ciniki da yawa ya warware bayan an ci kuɗi saboda magaji ɗaya da ba a shawarta ba. In kuma filin na tarayya ne ba a raba ba, abokin tarayya yana da haƙƙin shufu'a a shari'a, watau shi ya fi cancanta ya karɓi rabon da aka sayar a kan kuɗin da aka sallama. Gara a fara yi masa tayi.

NA UKU: TAKARDUN ƘASA

Dokar ƙasa ta Benin ita ce mai lamba 2013-01 ta ranar 14 ga Agusta 2013, wadda aka yi wa gyara a 2017. Ita ta kafa hukumar filaye da ake kira ANDF. Ga abin da ya shafe mu a ciki.

Ƙasar karkara ɗan ƙasa ne kaɗai ke iya sayenta. Baƙo, ko daga Nijeriya yake ko daga Nijar, haya zai iya yi, ita ma ba ta wuce shekara 50. Ke nan in abokin cinikinka na Sakkwato ko Maraɗi ne ba shi da takardar zama ɗan ƙasa, shanu za ka sayar masa, filin kuwa ku yi yarjejeniyar haya a rubuce. Dabarar nan ta sayen fili da sunan wani amini, a guje ta. Yau amini yana da rai, gobe 'ya'yansa ne za su zo da takarda a hannu, kuma a gaban alƙali su ne masu gaskiya.

Sayen ƙasar karkara daga hekta 2 zuwa 20 sai majalisar gunduma ta amince da aikin da mai saye ya ce zai yi a kanta. In ta fi haka, maganar sai ta hau sama. Ba a yarda mutum ɗaya ya tara fiye da hekta 1,000 ba.

Takardar da mai gari ko mai unguwa ya sa wa hannu, da takardar shaidar riƙon gargajiya da ake karɓa a ofishin magajin gari, duk suna da amfani, amma ba su kai takardar mallaka da ake kira titir fonsiye ba. Ita ce mai kashe gardama. Wa'adin rangwame na shekara 10 da doka ta bayar ya ƙare a watan Agusta 2023, saboda haka cinikin fili a yau ta hannun noter ake binsa. Ka je wurinsa tun da wuri ya gaya maka abin da takardunka suka rasa. Ka kira mai awon ƙasa ya tabbatar da turakun iyaka a gaban maƙwabta. Rigimar fili a kudancin ƙasar nan ta kai har sai da aka kafa mata kotu ta musamman a 2022. Mai kuɗi ba ya son sayen shari'a.

NA HUƊU: LITTAFIN TATSA

Wannan littafin 'yan makaranta da ba ya wuce 'yan dala, shi ne mai ɗaga farashin garke. A sami kwano ɗaya da aka san litarsa. Kowace saniya a ba ta shafi. A rubuta ranar da ta haihu, da abin da ta bayar safe da yamma, ko da sau ɗaya ne a mako, da ranar da sa ya hau ta, da ranar da nono ya ƙafe, da duk allurar da aka yi mata. In makiyayi bai iya boko ba, ajami ya wadatar.

Ga misali don a gane. Mu ƙaddara shanu biyu ne, girmansu ɗaya, a idon mahauci kuɗinsu ɗaya. Ta farko tana ba da lita 2 a rana har kwana 200, ya zama lita 400. Ta biyu tana ba da lita 5 har kwana 250, ya zama lita 1,250. Matan da ke yin wagashi da tumfafiya sukan ci kamar lita 5 kafin su fitar da kilo guda. Ke nan ta farko kilo 80 ce, ta biyu kilo 250. Ka ga saniya ɗaya ta yi aikin uku har da ɗoriya, amma ba littafi, wa zai yarda?

Kuma lalle littafin ya ratsa rani. Kowace saniya jaruma ce da damina. Mai saye da ya san abin da yake yi, shafin Fabrairu da Maris zai fara buɗewa.

NA BIYAR: A TACE GARKE

Wata shida kafin ciniki, a fitar da guzuma da juya da mai yawan ɓari da wadda nononta ɗaya ko biyu suka mutu, a kai su kara a sayar wa mahauta. Wannan aikinmu ne, ba sai an koya wa kowa ba. Shanu 20 nagari sun fi 30 gauraye daraja, don mai saye da mafi lalacewa yake auna sauran.

Zai buɗe baki. Saniya takan fara famfara wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, haƙoran gaba su cika takwas wajen shekara 5, daga nan sai su shiga cinyewa. Garken da ya fi tsada shi ne mai yawan masu haihuwa ta biyu da ta uku, da karsana a bayansu masu tasowa. Zai tambayi tazarar haihuwa. Ciki wata 9 ne da 'yan kwanaki. Wadda ke haihuwa kusan kowace shekara dabam take da mai yin shekara biyu.

Kada a raba uwa da maraƙinta don neman kuɗin gaggawa. Shanunmu masu tozo ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu ya fara tsotsa. Ka sayar da maraƙi, ka sayar da nonon ke nan a ɓagas.

Sa'an nan a faɗi irin kowace da gaskiya. Keteku ta ƙasar Bargu nononta kaɗan ne, amma tana jure sammore fiye da shanun arewa. Bunaji da Bokolo sun fi ta nono. Azawak ta Nijar, wadda ake kyautata irinta a tashar Tukunus, ita ma mai nono ce, amma raɓar kudu da tsando ba sa yi mata daɗi. Jirolando da gwamnati ta kawo daga Burazil zuwa gonar Kpinnu a 2004 ta fi su duka, sai dai tana son dusa da ruwa da inuwa da likita a kusa, kuma kirci da kaska suna wahalar da ita. Har ma akwai wata irin kaska mai taurin kai ga magani da masana ke danganta shigowarta ƙasar nan da waɗannan shanu. Saboda haka in barbarar yanyawa ce, a faɗi ubanta. Mai saye yana da haƙƙin sanin hidimar da zai ɗauka.

NA SHIDA: LAFIYA

A tara takardun rigakafin ciwon huhu da sauran alluran da ma'aikatan dabbobi ke yi. A kira likitan dabbobi ya ɗibi jini don gwajin bakkale, ciwon nan mai kawo ɓari a ƙarshen ciki da kumburin gwiwa, wanda mutum ma yana ɗauka ta ɗanyen nono. A yi gwajin tarin fuka, wanda ake yi a fata a dawo a duba bayan kwana 3. Akwai ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Paraku da Bohikon. Gara kai ka gano da kanka ka fitar da mai ciwo, da mai saye ya gano ya ce duk garken haka yake.

A wata ukun ƙarshe kada a shigo da baƙuwar dabba. Nan ne mu fatake muke da rauni, don mutum ya sauke mota tsakar dare ba wurin ajiya, sai ya ce a zuba su a gona kwana biyu. Kwana biyun nan sun isa ɓauru ya shiga, nono ya tsaya, ciniki ya watse.

NA BAKWAI: ABIN DA SHARI'A TA HANA

Malamai sun karantar da mu a babin ciniki cewa akwai algus guda da aka ambata musamman a kan dabbar tatsa, ana kiransa tasriya. Shi ne a ƙi tatsar saniya kwana ɗaya ko biyu don hantsa ta cika ta ruɗi mai saye. Hadisi ingantacce a Buhari da Muslim ya hana wannan, ya kuma ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa: ko ya riƙe, ko ya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. A mazhabarmu ta Malikiyya ana ba da sa'in daga abincin da ya fi yawa a garin. Duk wata dabara mai kama da wannan, kamar ɗure saniya da dusar angurya mako guda don ranar gwaji, ko ɓoye maraƙi da dare, hanyarsu ɗaya.

Ɓoye aibi haramun ne. Mai harbi in ana tatsa, mai tsotson kanta, mai ɓari, duk a faɗa. Kuma saniyar da aka yi wa allura kwanan nan, a gaya wa mai saye, don akwai kwanakin da ba a shan nononta.

Ba a sayar da ɗan da ke ciki shi kaɗai. Har ma a Muhtasar na Shehu Halil an kawo cewa sayar da dabba bisa sharaɗin tana da ciki, don a ƙara mata kuɗi, ɓataccen ciniki ne, saboda ba wanda ya san abin da cikin zai zama. To sai a nuna wa mai saye littafi, ya duba da idonsa ko ya kawo likitansa, a yi ciniki a kan saniyar yadda take, kada a sa cikin a sharaɗi. Mai son ƙarin bayani ya nemi malami.

Hanya mafi tsabta ita ce a ba mai saye zaɓi na kwana 3, ya kwana a gonar ko ya aiko mutuminsa, a tatsa a gabansa safe da yamma. Gani ya kori ji.

Kada a manta da zakka. Nisabin shanu 30 ne, a fitar da ɗan maraƙi tabi'i, in sun kai 40 a fitar da musinna. A Malikiyya shanun da ake ciyarwa a turke ma ana fitar musu. Wanda ya sayar dab da cikar shekara don gudun zakka, ba ta faɗi a kansa ba.

NA TAKWAS: MAKIYAYI DA MASU KARƁAR NONO

Gonar da ba ta da inda take kai nono, garke ne kawai. Madarar gari ta cika kasuwa, don harajin shigo da ta manyan buhuna kashi 5 cikin 100 ne kacal a ƙarƙashin tsarin kuɗin fito na bai ɗaya da ya fara aiki a yankinmu a 2015. Saboda haka masu karɓar nononka kullum, mata masu wagashi da masu fura da masu kindirmo, dukiya ne. A rubuta su da abin da kowa ke ɗauka. In ciniki ya faɗa, ka kai sabon mai gona ka gabatar da shi da bakinka.

Makiyayi kuwa ba kayan gona ba ne. Ka sanar da shi da wuri, kada ya ji a bakin dillali. Ka biya shi duk haƙƙinsa. In akwai al'adar nonon yamma ko na wata rana na matarsa ne, a gaya wa mai saye tun farko. Shanu sun san muryarsa da hannun mai tatsa, in ya tashi rana ɗaya nono zai ragu. Kyakkyawan tsari shi ne, in ya yarda, ya zauna da sabon mai gida ko da wata uku ne. Kuma ka sani mai saye mai wayo zai ja shi gefe. Makiyayin da aka zalunta ba zai yi maka shaidar arziki ba.

NA TARA: LOKACI DA KUƊI

A nuna gona a ƙarshen damina, shanu sun murmure, rumbun harawa da dusa a cike, don mai saye ya ga abin da zai ratsa rani da shi. Kada a haɗa da hayaniyar Layya, lokacin nan hankalin kowa da jarinsa suna kan rago da sa.

Ka san ƙasan farashinka, watau abin da za ka samu in ka kai kowace kara ka sayar da filin dabam. Duk tayin da bai kai nan ba, albarka. Abin da ya hau bisa wannan shi ne ladan littafinka da takardunka.

A yanke la'adar dillali tun farko, a san wanda zai biya. Mutanen kasuwar Gogunu a arewa sun daɗe da tsarin da dillali ke tsayawa a matsayin shaida, mai saye da mai sayarwa su ji farashi da kunnensu, a rubuta ciniki a ba da takarda. Ciniki mai nauyi irin na gona ya fi cancanta da wannan.

In biya kashi-kashi ne, a rubuta da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umurni a kan bashi. A ambaci irin kuɗin, sefa ko naira. Manyanmu suna tuna Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Mu kuma mun ga yadda naira ta zube bayan Yuni 2023. Wanda ya sallama da naira a kan biya bayan wata shida a lokacin nan, shi ya san abin da ya karɓa. A kuma rubuta ranar da shanu suka koma hannun mai saye, don a san wanda asara ke kansa in wata ta faɗi. In za su ƙetare iyaka, a faɗi mai biyan mota da duwan da takardar likita, da abin da za a yi in hanya ta toshe, don mun ga Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun kuma ga gadar Malanbil da Gaya ta rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Takardar fili kuwa kada ta bar hannun noter sai kuɗi sun cika.

RUFEWA

'Yan'uwa, ko wanda ba shi da niyyar sayarwa ya fara littafin nan yau, ya gyara takardunsa, ya rubuta shanun amana. Ba wanda ya san ranar da magada za su buɗe akwati. Mai saye kuma ya bi waɗannan babi tara ɗaya bayan ɗaya, abin da aka hana shi gani to ya san akwai dalili. Wanda yake da gyara ko ƙari ya aiko wa sakataren ƙungiya a buga don kowa ya amfana.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ya kiyaye na kan hanya, ya jiƙan magabatanmu.